Zan Bar New York in Koma Texas: Za a Yanke Mini Kuɗin Rashin Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara huɗu ina aiki a wani kamfanin rarraba kaya a New York, aka rage ma'aikata har da ni. Yau mako shida ke nan ina karɓar kuɗin rashin aiki. Hayar gida a Bronx, cikin birnin New York, ta fi ƙarfina, yayana da ke Houston a jihar Texas ya ce in taho da iyali mu zauna wurinsa kafin in samu abin yi. Wasu sun ce da na bar jihar za a yanke kuɗin, wasu sun ce in bar adireshina na Bronx kada in faɗa wa kowa, wasu kuma sun ce in na isa in buɗe sabon fayil a Texas. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya musanya maka da aikin da ya fi wanda ya tafi alheri. Cikin shawarwarin nan uku babu wadda za ka bi. Ta farko kuskure ce kawai, amma biyun ƙarshe suna iya jefa ka cikin bashin hukuma da tara, kuma su ne suka fi tayar mini da hankali.

Ƙaura ita kaɗai ba ta yanke kuɗin. Wannan ba alfarma ce da New York take yi wa mutane ba, dokar tarayya ce. A gyaran da majalisar Amurka ta yi wa tsarin a 1970 an rubuta cewa jiha ba ta da ikon hana mutum kuɗinsa ko rage masa don kawai yana zaune a wata jihar, ko don daga can yake nema. Dalilin yana cikin asalin tsarin. Tun da aka kafa inshorar rashin aiki a dokar 1935, kamfanoni ne suke biyan haraji a kan albashin ma'aikatansu, kuma babban kason yana shiga asusun jihar da aka yi aikin. A jihohi uku ne kawai, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, ake cire wani abu daga albashin ma'aikaci shi ma. Shekara huɗun nan da ka yi, asusun New York kamfaninku ya riƙa zuba wa kuɗi da sunanka. Rumbun da aka zuba hatsi, daga shi ake auna maka, ko ka tashi daga garin.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Mutanenmu sun saba da katin abinci na SNAP da inshorar lafiya ta Medicaid, waɗanda suke bin inda mutum yake zaune. Su kam in ka tashi sai ka rufe na tsohuwar jiha ka nemi sabo, shi ya sa ake zaton kuɗin rashin aiki ma haka yake. Shi inda aka yi aiki yake bi. A tsarin da jihohi suka amince da shi a tsakaninsu, New York ita ce jiha mai biya, Texas kuma wakiliya ce da za ta taimaka maka wajen neman aiki. Adadin da kake karɓa a mako ba zai canza ba, makonni 26 da New York take bayarwa ba za su ragu ba, kuma dokar New York ce za ta ci gaba da hukunta fayil ɗinka. A wurinka wannan riba ce. Daga Oktoban 2025 mafi girman abin da New York take biya a mako ya tashi daga dala 504 zuwa 869, wanda ya fi na Texas. Kuma ka duba Florida, inda ƙololuwa dala 275 ce, makonnin kuma 12 ne in kasuwar aiki tana da kyau, ko Mississippi mai dala 235. Wanda ya yi aiki a Florida ya dawo New York, kuɗin Florida zai ci gaba da karɓa komai tsadar hayar da ya tarar.

Daga nan za ka ga abin da ya sa buɗe sabon fayil a Texas ba shi da tushe. Kowace jiha tana duba albashin da aka biya ka a cikinta a wani zango na lissafi, galibi rubu'i huɗu na farko cikin rubu'i biyar na shekara da suka kammala kafin ka nema. Kai ba ka da ko sisi na albashin Texas a wannan zangon. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne su ce ba ka cancanta ba. Mafi muni kuma kwamfutocin jihohin biyu, waɗanda suke musayar bayanai da lambar Social Security ɗinka, su nuna mutum ɗaya yana nema a wuri biyu, a tsayar da biyanka na New York har sai an gama bincike. Binciken yakan ɗauki makonni, kai kuma kana gidan wani da iyali.

Shawarar ɓoye ƙaura ita ce wadda zan daɗe a kai, domin ita ce ta fi yawo a tsakaninmu, kuma masu ba da ita da kyakkyawar niyya suke yi. Ka lura da abin da take jawowa. Ka ɗauki abin da doka ta halatta maka ka mai da shi abin da ake ɓoyewa, ba tare da ka ƙaru da ko dala ɗaya ba. Duk mako da ka shiga ka amsa tambayoyin tabbatarwa, kana shaida ne cewa abin da ka faɗa gaskiya ne. Ma'aikatar Ƙwadago ta New York tana ɗaukarka a matsayin mai neman aiki a Bronx, don haka tana iya kiranka zama a cibiyar neman aiki ta unguwarku. Wasiƙar za ta je tsohon gida, ta kwanta a kan teburin wanda ka bar wa ɗaki tare da takardun talla, ranar zaman ta wuce, a dakatar da kuɗin. Sai ka buga waya, a tambaye ka ina kake, tun yaushe. A nan ne maganar take tashi daga mantuwa ta koma bayanin ƙarya da gangan. In aka yanke haka, za ka mayar da kuɗin makonnin da abin ya shafa, a ɗora tarar da dokar tarayya ta ce kada ta gaza kashi 15 cikin ɗari, New York kuma ta ƙara da kwanakin hukunci da za a zaftare daga abin da za ka karɓa nan gaba. Bashin ba ya tsayawa a iyakar jiha. Ana iya cire shi daga kuɗin harajin tarayya da za a dawo maka da shi, kuma jihohi suna karɓar wa juna irin wannan bashi. Ga mai shirin neman takardar zama ɗan ƙasa, ba na so ko kaɗan a ce akwai wata takardar hukuma da ta ambaci zamba kusa da sunansa.

Abin da ya kamata ka yi ba shi da wuya. Da ka tashi, ka shiga asusunka na NY.gov ka canza adireshi da lambar waya, ka kuma aika saƙo ta akwatin saƙonnin da ke cikin asusun kana faɗin ranar da ka tashi da inda ka koma. Ka ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa. Kada ka dogara da canjin adireshi a gidan waya kawai, domin wasiƙun ofishin rashin aiki sau da yawa ba a tura su sabon adireshi, komawa suke yi inda suka fito, kuma wasiƙar da ta dawo tana iya sa a riƙe biya. In katin cire kuɗi suke biyanka da shi, ina ba ka shawara ka mai da biyan kai tsaye cikin asusun bankinka kafin ka tashi, ka kuma tabbata bankin zai yi maka aiki a Houston. Lambar wayarka ta yanzu ka riƙe ta ko da wata biyu ne, saboda ta nan lambobin tantancewa na ID.me, shafin da ake tabbatar da ko kai wane ne, da na shiga asusu suke zuwa.

A makon da ka isa, ka yi rajista a shafin WorkInTexas, ka kuma je ofishin Workforce Solutions mafi kusa da gidan yayanka, wanda shi ne sunan cibiyoyin neman aiki a yankin Houston. Ka faɗa musu kana karɓa daga New York kuma ka zo rajistar neman aiki ne. Ka maimaita wannan da kyau, don kada ma'aikacin da ke gaggawa ya tura ka cike takardar neman kuɗin Texas. Ka karɓi shaidar rajistar ka adana. In New York ta aiko tana tambayar ko ka yi rajista a inda kake, da wa'adi take aikowa, kuma wanda ya riga ya yi ba shi da abin yi sai tura hoto.

Sai makon tafiyar kansa, wanda mutane da yawa suke tuntuɓe a kai. Daga New York zuwa Houston mil kusan 1,600 ne. In da mota za ku tafi da yara da kaya, kwana biyu ko uku za ku yi. Cikin tambayoyin mako akwai wadda take cewa kwana nawa ne ba ka kasance a shirye kuma da ikon yin aiki ba. Ranar da kake bisa hanya a Tennessee da katifa a saman mota, ko an kira ka aiki ba za ka iya zuwa ba. Ka faɗi kwanakin yadda suke. Za a rage maka wani kaso na kuɗin makon, wataƙila ma makon gaba ɗaya ya tafi in kwanakin sun yi yawa. Asarar mako ɗaya ce, kuma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a gano daga baya. Makon New York daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, don haka ka duba kalanda ka tsara tafiyar yadda ba za ta ci kwanaki da yawa ba.

Bayan ka zauna, sharaɗin neman aiki yana nan daram, wurin neman ne kawai ya canza. New York tana son ayyukan neman aiki aƙalla uku a kowane mako, kuma a rubuce. Ka sayi ɗan littafi, ko ka yi amfani da shafinsu. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, sunan kamfani, adireshi ko shafin intanet, sunan wanda ka yi magana da shi, aikin da ka nema, da abin da aka ce maka. Layin da ya ce "na tambayi wani abokin yayana" ba ya tsayawa a gaban mai bincike. Wanda ya ce ranar Talata ka cike takardar neman aikin ɗaukar kaya a sito kaza, ga lambar shaidar da suka turo ta imel, shi yake tsayawa. Kuma ayyukan su kasance na Houston da kewaye, inda za ka iya zuwa da safe. Mutumin da ke Texas amma duk takardunsa na neman aiki na Bronx ne, yana nuna da hannunsa cewa bai shiga kasuwar aikin inda yake ba.

A nan akwai abin da nake so ka shirya wa zuciyarka tun yanzu, wato albashi. Mafi ƙarancin albashi a birnin New York ya kai dala 17 a awa daga Janairun 2026. A Texas har yau na tarayya ake bi, dala 7.25, wanda bai motsa ba tun 2009. Ba wai aikin sito a Houston haka yake biya ba, yawanci ya fi haka sosai, amma da wuya ya kai abin da ka saba karɓa. In aka ba ka aiki ka ƙi, abin da za a auna shi da shi har da albashin da aka saba biya a irin wannan aikin a yankin da aikin yake. Kuma a dokar New York, bayan ka karɓi cikakkun makonni 10, da'irar aikin da za ka iya ƙi tana ƙuntata: duk aikin da za ka iya yi, ko ba sana'arka ba ce, in yana biyan kashi 80 cikin ɗari na albashinka a rubu'in da ka fi samu kuma bai yi ƙasa sosai da na yankin ba, ana sa ran ka karɓa. Kai kana mako na shida, kafin ka gama sauke kaya ka kusa kaiwa. Saboda haka in an tambaye ka mafi ƙarancin albashin da za ka yarda da shi, kada ka faɗi adadin New York. Ka tambayi ma'aikatan Workforce Solutions abin da ake biyan irin aikinka a can, ka tsaya kusa da shi.

Wani tarkon kuma yana cikin gidan yayanka. In yana da shago ko yana harkar tura motoci gida, zumunci zai sa ka riƙa taya shi. A ma'aunin New York duk hidimar da ka yi wa wata harkar kasuwanci aiki ce, ko an biya ka ko ba a biya ba. Haka tuƙin Uber ko kai abinci na DoorDash, wanda shi ne abin da yawancinmu suke fara kamawa a sabon gari. Ba haramun ba ne ka yi, faɗa ne wajibi. Tun 2021 New York da awanni take lissafi: awa goma ko ƙasa da haka a mako ba sa rage komai, daga nan ana ragewa mataki-mataki, wanda ya haura awa 30 kuma ba shi da kuɗin wannan makon, haka wanda abin da ya samu ya wuce ƙololuwar biyan mako. Ka ga ashe mai faɗin gaskiya ma yana da sarari. Kada kuma ka yi zaton aikin Texas ba zai kai kunnen New York ba. Kowane kamfani a Amurka wajibi ne ya kai rahoton sabon ma'aikaci cikin kwana 20, bayanan kuma suna taruwa a rajista ɗaya ta ƙasa da jihohi suke dubawa.

Ba ka tambaya ba, amma na san mutanenmu: wanda aiki ya tsaya masa yakan ce bari in yi amfani da damar in leƙa gida, ko in yi Umara. Kariyar da na ambata ta jihohi 50 ce da birnin Washington da Puerto Rico da tsibiran Virgin na Amurka, sai Kanada da ke da yarjejeniya da Amurka tun 1942. Kano da Yamai da Kumasi da Makka ba sa ciki. Ranar da ka fita ƙasar ka daina tabbatarwar mako, in ka dawo ka ci gaba, makonnin da suka rage suna jiranka muddin shekarar fayil ɗin ba ta ƙare ba. Kada ka bar wa kowa lambar sirrinka ya riƙa danna maka, kada ka shiga ta VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, don ka nuna kana Amurka. Wannan na cikin abubuwan da New York take ɗauka da zafi ƙwarai. Haka nan in da takardar izinin aiki mai wa'adi kake zaune, ka duba ranar ƙarewarta, domin ranar da ta mutu ba tare da sabuntawa ko ƙarin wa'adi ba, ba a ɗaukarka a matsayin mai ikon yin aiki. Ka kuma tuna hukumar shige da fice tana da nata canjin adireshin, cikin kwana goma da tashi.

In duk da haka aka tsayar da kuɗin ko aka aiko maka da hukuncin da ba ka yarda da shi ba, nisa ba ya hana ka kare kanka. Kana da kwana 30 daga ranar da aka aiko da hukuncin ka nemi zaman sauraro a gaban alƙalin hukumar, kuma ba sai ka dawo New York ba, daga nesa ake yi. Kana da haƙƙin tafinta kyauta, ka nemi na Hausa tun a takardar farko ko da Turancinka yana da kyau, domin tambayoyin alƙali a kan kalma ɗaya suke juyawa. Lokacin da aka rubuta a takardar na agogon New York ne, Houston kuwa tana baya da awa ɗaya: zaman ƙarfe tara, a wurinka ƙarfe takwas ne. Kuma duk tsawon jiran ka ci gaba da tabbatarwar mako, ko ba a biyanka, saboda in ka yi nasara makonnin da ka tabbatar ne kawai za a biya.

Duk wannan bayanin na wanda aka sallama ne kafin ya tashi, kamar kai. Wanda ya ajiye aiki da kansa don ya ƙaura, hukuncinsa daban ne, kuma jihohi sun saɓa. New York tana karɓar uzurin wanda ya bi matarsa ko wadda ta bi mijinta saboda aikin ɗayan ya koma wuri mai nisa, Texas kuma tana dakatar da irin wannan na wasu makonni in ba iyalin soja ba ne. In uwargida tana aiki a New York kuma za ta ajiye don ta bi ka, ta sani kai ba aiki ne ya kai ka Houston ba, don haka kada ku sa kuɗinta cikin lissafin gida kafin a yanke.

Lafiyar iyali ma ka yi mata tanadi kafin ranar tashi. Medicaid ta New York ba ta bin ka, Texas kuma ba ta faɗaɗa tata ga manya masu ƙaramin ƙarfi ba, don haka kai da uwargida da wuya ku samu irin abin da kuka saba, ko da yake yara suna da tasu hanyar. Ƙaura tana buɗe maka kwana 60 na sayen inshora a shafin HealthCare.gov. Wanda yake shan magani kullum ya karɓi na wata guda ko fiye kafin ku kama hanya. Ta fuskar haraji kuma, kuɗin rashin aiki ana biya masa harajin tarayya, kana iya cewa a riƙa cire kashi 10 tun daga tushe. A farkon shekara za ka sauke fom 1099-G, mai nuna jimillar kuɗin da aka biya ka, daga asusunka. Texas ba ta da harajin kuɗin shiga, amma za ka cike wa New York fom IT-203 na wanda ya zauna wani ɓangare na shekara.

In Allah Ya sa ka samu aiki a Houston, ka faɗi awannin makon da ka fara, sannan ka daina tabbatarwa. Fayil ɗin yana nan a buɗe har makonni 52 daga lokacin da ka buɗe shi. In sabon aikin ya tsaya ba da laifinka ba kafin shekarar ta cika, fayil ɗin New York za ka koma wa ka ci gaba da makonnin da suka rage. In kuma bayan shekarar ne, a lokacin mai yiwuwa kana da albashi a jihohi biyu, kuma doka ta ba ka damar haɗa su a fayil ɗaya ka nema a ɗaya daga cikin jihohin da albashinka ya faɗo cikin zangon lissafinta. Kafin ka zaɓa, ka sa kowace ta faɗa maka abin da za ta biya a mako da adadin makonnin. Wannan lissafin da takardun albashi ake yin sa, don haka na kamfaninka na New York, musamman na shekara ɗaya da rabi ta ƙarshe, da takardar sallamar, ka sa su a jakar hannunka ranar tafiya, kada su shiga kwalayen da za a tura daga baya.